Baƙi na ƙwace wa 'yan Amurka aiki ne, ko su ke riƙe da tattalin arzikinta?

Tambaya: Kullum muna jin 'yan siyasar Amurka sun rabu gida biyu. Wasu na cewa baƙi sun ƙwace ayyuka sun karya albashi, wasu na cewa in babu baƙi tattalin arzikin ƙasar zai durƙushe. Wane ne mai gaskiya? Kuma ta wace hanya ma baƙo yake samun aiki a can bisa doka?

Amsa: Malam, shigowar baƙi tana ƙara girman tattalin arzikin Amurka. A kan wannan kusan babu saɓani tsakanin masana, har da waɗanda ke son a rage shigowar. Saɓanin yana wurin wa ke cin ribar, wa kuma ke ɗaukar asarar. A ganina abin da ya fi yanke hukunci shi ne irin takardar da baƙon yake riƙe da ita, fiye da yawan baƙin. Ma'aikacin da zai iya ajiye aiki yau ya koma wani kamfani gobe, da wuya a yi amfani da shi a karya albashin kowa. Wanda ba shi da wannan iko, shi ne ake sa wa a gaba a karya farashin aiki.

A 2023 mutanen da aka haifa a waje sun kai kusan miliyan 48, wato wajen kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Amma a cikin masu aiki da masu neman aiki rabonsu ya fi haka, kusan kashi 19 cikin 100, domin yawancinsu suna zuwa ne da ƙarfinsu, ba jarirai ba, ba tsofaffi ba. Marasa takardu a cikinsu gwamnati ta ƙiyasta miliyan 11 a 2022, cibiyar bincike ta Pew kuma ta ce sun kai miliyan 14 a 2023.

Tattalin arzikin ƙasa da abu biyu yake girma: yawan masu aiki, da yawan abin da kowane ma'aikaci ke samarwa a awa guda. Na farkon ne ke neman gagarar Amurka. Haihuwa ta sauka zuwa wajen 'ya'ya 1.6 ga kowace mace, alhali sai ta kai 2.1 kafin al'umma ta riƙa maye gurbin kanta. Waɗanda aka haifa tururu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa 1964, suna ta yin ritaya. A 1960 ma'aikata biyar ne ke zuba kuɗi a asusun fansho na tarayya a kan kowane mai karɓa guda, yanzu ba su kai uku ba. Shi ya sa da ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokoki, wato CBO, ya yi lissafin kwararar baƙin da aka gani daga 2021, ya ce a rahotonsa na Yulin 2024 za ta ƙara wa arzikin ƙasar kusan dala tiriliyan 8.9 cikin shekara goma, ta kuma rage giɓin kasafin tarayya da wajen dala biliyan 900.

Masu goyon bayan baƙi a nan suke tsayawa su tafa. Sai dai wannan lissafin na jimillar arziki ne, ba na rabon mutum ɗaya ba. Ƙasa na iya ƙara arziki don kawai mutanenta sun ƙaru, aljihun kowa kuma yana nan yadda yake. Babban kaso na wancan ƙarin ma albashin baƙin ne da kansu. Ofishin nan ya kuma ce a shekarun farko matsakaicin albashi zai ɗan yi ƙasa da yadda da zai kasance, kafin daga baya ya farfaɗo.

To batun ƙwace aiki fa? Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar ayyukan ƙasa a matsayin ƙidayayyun kujeru, in wani ya zauna dole wani ya tashi. Duba kasuwar gari: baƙon da ya zo ya kasa kaya ya zama kishiya ga masu sayar da irin kayansa, amma shi ma zai kama hayar ɗaki, ya ci abinci, ya hau mota, ya kai ɗinki. Ya rage wa mutum biyar ciniki, ya ƙara wa hamsin. Haka abin yake a wurin gini a Amurka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan gini haifaffun waje ne, a aikin rufi da filasta da kafa allunan bango ma sun kai rabi ko fiye. Idan aka samu masu yin waɗannan, sai gidan ya tashi, sai mai wayarin da mai aikin famfo da direban babbar mota da dillalin gidaje su samu nasu, kuma waɗannan ayyuka masu buƙatar lasisi da Turanci yawanci 'yan ƙasa ne ke riƙe da su. Wanda ke shan wahala shi ne ɗan ƙasar da shi ma sana'arsa rufi ce.

Akwai abubuwa biyu da suka faru a tarihi da masana ke komawa gare su, domin sun zo kamar gwaji.

Na farko a 1980 ne, lokacin da Fidel Castro ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Mariel ya ce mai son tafiya ya tafi. Tsakanin Afrilu da Oktoba 'yan Kyuba kusan 125,000 suka tsallaka zuwa Filorida, wajen rabinsu suka zauna a Miyami, yawancinsu ba su da zurfin karatu. Cikin 'yan watanni masu neman aiki a birnin suka ƙaru da kashi 7 cikin 100. Masanin tattalin arziki David Card, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2021, ya kwatanta Miyami da wasu birane masu kama da ita, ya wallafa a 1990 cewa bai ga wani faɗuwar albashi ko ƙaruwar zaman banza na a zo a gani ba. Bayan shekara 25 George Borjas na jami'ar Harvard ya sake ɗauko alƙaluman, ya ware maza waɗanda ba su gama sakandare ba kuma ba 'yan asalin Latin Amurka ba, ya ce nasu albashin ya faɗi da kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Nan fa gardama ta kaure. Giovanni Peri da abokin aikinsa suka faɗaɗa rukunin, suka ce faɗuwar ta ɓace. Michael Clemens da Jennifer Hunt suka nuna cewa mutanen da Borjas ya dogara da su 'yan gomomi ne kacal a shekara, kuma a daidai lokacin masu ƙidaya sun fara shigar da baƙaƙen fata masu ƙaramin albashi da yawa cikin samfurinsu, abin da shi kaɗai zai iya jawo matsakaicin ƙasa. Hujjar ɓangaren Card ta fi ƙarfi. Amma tambayar Borjas ita ce ta dace: kada a ce mini birni bai ji a jika ba, a gaya mini halin na can ƙasa.

Na biyu ya fi koyarwa, domin shi korar baƙi aka yi. Daga 1942 Amurka ta riƙa ɗauko leburorin gona daga Meziko a ƙarƙashin shirin Bracero, a wasu shekarun fiye da mutum 400,000. A ƙarshen 1964 aka soke shirin da niyyar albashin 'yan ƙasa ya tashi. Clemens da Ethan Lewis da Hannah Postel sun bi alƙaluman jiha jiha, suka tarar albashin gona a jihohin da suka rasa leburori da yawa bai tashi fiye da na jihohin da ba su taɓa dogaro da su ba. Manoman ba su ƙara lada ba, inji suka sayo. A Kalifoniya dama jami'ar jihar ta riga ta ƙera injin girbin tumatir tare da irin tumatir mai taurin fata da zai jure shi, kafin shekarun 1960 su ƙare kusan duk tumatirin gwangwani na jihar inji ke girbe shi. Amfanin da inji bai iya ba kuwa, aka rage nomansa. Duk mai cewa a kori baƙi albashi ya tashi, ya tuna mai gona yana da zaɓi huɗu: ya ƙara lada, ya sayi inji, ya sauya abin da yake nomawa, ko ya bar wa manomin Meziko ya noma a shigo da shi. Na farkon ne ya fi ƙi.

Babban nazarin da majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar a 2016 ya tattara duk wannan. Ya ce idan aka duba shekara goma ko fiye, tasirin baƙi a kan albashin 'yan ƙasa gaba ɗaya ƙanƙane ne ƙwarai. Inda aka ga illa, ta fi faɗa wa baƙin da suka riga zuwa, sai 'yan ƙasar da ba su gama sakandare ba. Sabon baƙo tsohon baƙo yake fi takura wa, domin sana'arsu ɗaya, harshensu ɗaya, unguwarsu ɗaya.

Garuruwan da masana'antu suka mutu, inda wannan fushi ya fi zafi, ciwonsu daban ne. Ma'aikatan masana'antu sun sauka daga miliyan 17 a 2000 zuwa wajen miliyan 11.5 a 2010, kuma abin da ya ci su injuna ne da kayan Sin bayan ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, sai durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Yawancin waɗannan garuruwa ba su ma da baƙi masu yawa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dokar 1986 da Ronald Reagan ya sa wa hannu ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, ta kuma haramta ɗaukar marar takarda aiki. Kowane sabon ma'aikaci sai ya cika fom mai suna I-9 ya nuna shaidarsa. Amma dokar ta ce laifi sai in mai ɗaukar aikin ya sani, kuma ba a ɗora masa tantance sahihancin takarda ba, in dai a ido ta yi kama da ta gaske. Sai kasuwar jabun takardu ta buɗe. Akwai manhajar gwamnati ta E-Verify da ke duba suna da lamba, sai dai ba tilas ba ce a ƙasa baki ɗaya, wasu jihohi ne kamar Arizona suka wajabta ta, kuma ba ta kama wanda ya ari takardar wani ta gaske. Manyan kamfanoni kuma sun gano hanya: su ba ɗan kwangila aiki, shi ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi ya kawo mutane. In an zo kame, kamfani ya ce ba ma'aikatansa ba ne. A Agustan 2019 an kama mutum kusan 680 a kamfanonin sarrafa kaji na Misisipi a rana ɗaya. A irin wannan samame, ma'aikata ake loda wa a mota, masu kamfani ba safai suke kwana a kurkuku ba.

Marar takarda ba ya kai ƙara in an hana shi kuɗin ƙarin awa, ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago, in inji ya yanke masa yatsa ya yi shiru. Ɗan ƙasar da ke tsaye kusa da shi a layin yanka, da wannan shirun yake gasa. Aikin mayanka a shekarun 1970 albashinsa ya fi matsakaicin na masana'antu. A shekarun 1980 kamfanonin suka karya ƙungiyoyin ƙwadago, suka kwashe mayankun daga birane zuwa ƙauyuka, suka ƙara gudun layi, albashi ya zube, sannan suka shiga neman baƙi su cike gurbin. Baƙin sun tarar da albashin a ƙasa ne, amma zuwansu ya taimaka ya zauna a can.

Wajen kuɗin gwamnati ma rabon bai daidaita ba. Wata cibiyar nazarin haraji, ITEP, ta ƙiyasta cewa marasa takardu sun biya harajin kusan dala biliyan 97 a 2022, fiye da biliyan 25 a ciki sun tafi asusun fanshon da ba za su taɓa karɓa ba. Yawancin wannan kuɗi tarayya ke kwashewa. Ɗawainiyar kuwa jihohi da birane take faɗa wa: tun hukuncin kotun ƙoli na 1982 dole a karɓi kowane yaro a makarantar gwamnati, asibiti kuma ba ya korar mai buƙatar taimakon gaggawa. Birnin New York ya karɓi baƙi fiye da 200,000 daga 2022, ya kashe sama da dala biliyan 5 wajen ba su masauki. Wani ɓangare na wannan asara doka ce ta jawo, domin mai neman mafaka ba ya samun izinin aiki sai bayan kwana 180 da shigar da buƙatarsa. An hana shi aiki, an kuma zarge shi da zaman cin banza. Haka nan hayar gida tana tashi a inda mutane suka kwararo lokaci guda, domin gida ba ya ginuwa da saurin zuwan mutum. A tsawon rayuwa, mai digiri yakan biya fiye da abin da ya ci, wanda bai gama sakandare ba yakan ci fiye da abin da ya biya, 'ya'yan baƙi kuwa suna cikin waɗanda suka fi kowa biyan haraji.

Sai tambayarka ta biyu, hanyar doka. Wadda aka fi magana a kai ita ce bizar H-1B ta ƙwararru, da dokar 1990 ta ƙirƙira. Gurbi 65,000 ne a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka. Jami'o'i da cibiyoyin bincike marasa neman riba ba sa cikin wannan ƙayyadewa. Kamfani ne ke nema wa ma'aikaci. A watan Maris yake yi masa rajista a shafin hukumar shige da fice, USCIS, kuɗin rajistar dala 215 tun 2025, da can dala 10 ne. Masu nema sun fi gurbi yawa, don haka ƙuri'a ake jefawa. In sunan ya fito, kamfani ya shigar wa ma'aikatar ƙwadago takardar alƙawarin cewa zai biya albashin da ake biya a wannan sana'a a wannan yanki, ko abin da yake biyan sauran ma'aikatansa, duk wanda ya fi yawa. Wannan kan ɗauki kwana bakwai na aiki, kuma sai an liƙa sanarwa a wurin aikin. Daga nan sai fom I-129, wanda babban kamfani ke biya wa dala 780, da dala 1,500 na asusun horar da 'yan ƙasa, da dala 500 na yaƙi da zamba, da dala 600 na shirin mafaka, ban da kuɗin lauya. Aiki ba ya farawa sai 1 ga Oktoba. Bizar shekara uku ce, ana sabuntawa zuwa shida.

A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace wurare uku yake yoyo. Albashin nan da ake cewa na yanki hawa huɗu ne, kuma hawa biyun farko suna ƙasa da matsakaicin abin da ake biya a sana'ar. Wani nazari na 2020 ya gano kusan kashi 60 cikin 100 na guraben a waɗannan hawa biyu aka amince da su. Na biyu, saɓanin abin da mutane da yawa ke zato, yawancin kamfanoni ba a tilasta musu nuna cewa sun nemi ɗan ƙasa sun rasa ba. Waɗanda suka cika dogaro da bizar ne kawai aka ɗora wa wannan, su ma suna kuɓuta in sun biya dala 60,000, adadin da aka yanka tun 1998 ba a taɓa shi ba. Ta wannan kafa kamfanonin da ke ba da hayar ma'aikatan kwamfuta suka shigo. A 2015 Disney ta sallami ma'aikatan fasaha kusan 250 a Filorida, aka sa wasunsu su koya wa masu maye gurbinsu aiki kafin su tafi. Duk wanda ya ce ba a taɓa ƙwace wa ɗan Amurka aiki ba, bai ji wannan labari ba. Na uku ita ce ƙuri'ar kanta. A 2023 an yi rajista kusan 780,000, fiye da rabinsu na mutanen da aka shigar da sunansu sau biyu ko fiye ta kamfanoni daban daban. Da aka koma ƙirga mutum sau ɗaya ta lambar fasfonsa, a shekara mai bi adadin ya sauko wajen 470,000.

Mai wannan biza in aka sallame shi, kwana 60 gare shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ko ya tattara iyalinsa ya fita. Zai iya sauya kamfani, amma in ya shiga layin katin zama na dindindin, sauyin na iya mayar da shi baya. Matakan katin su ne: kamfani ya nemi ma'aikatar ƙwadago ta yanka albashi, ya yi tallar aikin, har da sanarwa a jarida Lahadi biyu da kwana 30 a ofishin samar da aiki na jiha, ya nuna babu ɗan ƙasa da ya cancanta, sannan ya shigar da fom I-140. Katunan aiki 140,000 ne a shekara, mata da 'ya'ya na ciki, saboda haka ainihin ma'aikatan ba su kai rabi ba. Kuma kowace ƙasa kashi 7 cikin 100 ne iyakarta, komai yawan mutanenta. 'Yan Indiya ne ke karɓar fiye da kashi 70 cikin 100 na H-1B, sai suka taru a ƙofa ɗaya: a 2025 ana kan waɗanda suka shiga layi wajen 2013 ne. Yaron da ya cika shekara 21 kafin layi ya zo kan ubansa, ya faɗo daga takardar. Injiniyan da ke cikin wannan hali ba zai yi wa ubangidansa gardamar albashi ba, ba zai fita ya kafa nasa kamfanin ba. Ƙasar da Sergey Brin da Jensen Huang, dukansu haifaffun waje, suka kafa Google da Nvidia a cikinta, ita ce ke ɗaure irinsu shekara goma sha a kujera ɗaya.

A Satumban 2025 Donald Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar buƙatar H-1B ta wanda ke wajen ƙasar. Wannan zai rage masu hayar ma'aikata da araha, amma babban kamfani na iya biya ko ya buɗe ofis a Bangalo ta Indiya ko Toronto ta Kanada. Ƙaramin kamfani da asibitin karkara su ne ba za su iya ba.

Aikin gona bizarsa H-2A ce, ba ta da ƙayyadadden adadi. Guraben sun tashi daga wajen 48,000 a 2005 zuwa kusan 380,000 a 'yan shekarun nan, kusan duk 'yan Meziko ne. Mai gona zai ba da masauki kyauta, ya biya kuɗin mota, ya kuma tabbatar da kashi uku cikin huɗu na awannin da ya yi alƙawari. Sharaɗi ne aikin ya zama na wani lokaci a shekara, shi ya sa masu kiwon shanun madara, da aikinsu ba ya yankewa duk shekara, ba sa iya amfani da ita, sai su koma ga marasa takardu. Wajen kashi 40 cikin 100 na leburorin gona har yanzu ba su da izini. Ita ma wannan biza a jikin mai gona take ɗaure. A 2021 an gurfanar da mutum 24 a kudancin Jojiya bisa zargin ƙwace fasfon irin waɗannan leburori da sa su aikin dole a gonakin albasa.

Gyaran da zai taɓa albashin talakan Amurka ba ɓoyayye ba ne: biza ta bi ma'aikaci maimakon kamfani, a ba da gurbi ga mai albashi mafi tsoka maimakon sa'a, tara ta hau kan babban kamfanin da ke saman kwangila, a kuma tura wa jihohi wani abu daga harajin da tarayya ke karɓa. Majalisa ce ta kasa. Adadin bizar da ake aiki da shi na 1990 ne, zamanin da intanet ba ta shiga gidaje ba. A 2013 majalisar dattawa ta amince da babban ƙudurin gyara da ƙuri'a 68 da 32, majalisar wakilai ta ƙi ko kawo shi zaure. Tun daga nan kowane shugaba da umarninsa yake mulkin lamarin, na bayansa ya zo ya soke.

In kana bin rahoton ayyuka da ofishin ƙididdigar ƙwadago ke fitarwa kowane wata, kada ka tsaya a yawan sabbin ayyuka. A 2023, baƙi na kwarara, ana samar da ayyuka da yawa ba tare da ma'aikata sun yi ƙaranci ba, abin da ya taimaka hauhawar farashi ta sauka. A 2025 shigowa ta ragu sosai, sabbin ayyuka suka ragu, amma rashin aiki bai tashi da yawa ba, yana ɗan sama da kashi 4 cikin 100, domin masu neman aikin ma sun ragu. Shugaban babban bankin ƙasar na lokacin, Jerome Powell, ya yi nuni da wannan baƙon daidaito a jawabinsa na Agustan 2025. Abin dubawa shi ne albashin gini da gona da kula da tsofaffi bayan an cire hauhawar farashi, da kuma kason 'yan ƙasa masu shekara 25 zuwa 54 da ke aiki. In korar baƙi tana amfanar ɗan ƙasa, a nan za ta bayyana.

Ga mai karatu daga yankinmu, ƙofar ta ƙara ƙunci. Najeriya ba ta cikin ƙuri'ar katin zama mai gurbi 55,000 tun zagayen 2015, saboda 'yan ƙasar da suka shiga ta wasu hanyoyi sun haura 50,000 cikin shekara biyar. A Yunin 2025 aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disamba aka ƙara da Nijar, aka kuma taƙaita wa 'yan Najeriya bizar ƙaura da ta ziyara da ta karatu. Hanyar da 'yan Najeriya suka fi bi a baya ita ce karatu sannan aiki, ko likitanci: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin Amurka a waje suka yi karatu, kuma akwai shirin Conrad 30 da ke bai wa kowace jiha damar riƙe likita 30 a shekara, da sharaɗin su yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. Waɗannan umarni suna sauyawa cikin makonni, a duba shafin ofishin jakadanci kafin a biya ko sisi. Ejan da ya ce ka ba shi kuɗi ya sayo maka H-1B ko H-2A, ɗan damfara ne. Kamfanin da ke can shi ke shigar da takarda, doka ta hana shi karɓar kuɗin asusun horarwa daga hannun ma'aikaci, ta kuma hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga leburan gona. Takardar gaske tana zuwa da lambar rasit mai haruffa uku da lambobi goma, wadda kowa zai iya dubawa kyauta a shafin USCIS.